Ƙarfen Wuyan Jabru

"Za ka cire masa, ko in cire da kaina?"

"Ba zan cire ba, Bapu."

"To matsa."

Ban matsa ba. Ina tsugune a bakin garke, hannuna a kan bayan Jabru, tsohon karenmu. Mahaifina na tsaye a kaina da wuƙa, domin ƙullin fatar da ke riƙe da ƙarfen wuyan ya daɗe da ƙin kwancewa da hannu.

"Tun ina firamare yake ɗauke da shi," na ce.

"Shi ya sa ya gaji. Dubi ƙafarsa ta baya. Daga wurin kiwon hunturu a Kangra zuwa nan sau nawa muka ɗora shi a kan doki? Kare a kan doki! Masu motoci har tsayawa suke yi suna ɗaukar mu hoto."

"A saya wa ƙaramin karen nan Dabbu na kasuwa. A bar wa wannan nasa."

"Na kasuwa? Gwangwanin madarar nan da aka huhhuda? Damisa za ta ɓare shi kamar gyaɗa. Abin da aka koya maka a makaranta ke nan?"

Chacha Nek Ram, ƙanen Bapu, yana can gefe yana ɗura gishirin tumaki a buhu. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Yaya, ka bar malam ya yi bayani," ya ce. "Shi ke da satifiket. Mu tumaki kawai muka karanta."

"Satifiket ɗin ma bai fito ba," in ji Bapu.

Jabru ya ɗora haɓarsa a kan ƙafafunsa na gaba yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Ya saba da faɗanmu. Bai san wannan a kansa ake yi ba.

Ƙarfen ɗaya ne a gidanmu. Faɗinsa ya kai tafin hannu, ƙusoshi sun tsaya a bayansa cirko-cirko, cikinsa an shimfiɗa fata. Wani maƙeri ne ya ƙera wa kakana. Maƙerin ya mutu, ɗansa yana tuƙin tasi a garin Chamba. Damisa a wuya take kama kare, ba ta neman wani wuri. In haƙoranta suka sauka a kan ƙusa sai ta saki, kare ya samu ya juyo. Duk karen da ke gaban garke shi ke ɗaukar ƙarfen, in ya tsufa a cire a sa wa na bayansa. Bapu ya yi imani cewa da wuyansa kare ke sanin aikinsa. Muddin yana jin nauyin ƙarfe zai bi garke ko da jan ciki ne. Ranar da ya ji wuyansa sakayau kuwa ya san an sallame shi, sai ya nemi inda rana ke bugawa ya kwanta.

Ba ƙarya Bapu ya yi ba. Ya gani da idonsa, ni ma na gani.

Guggi ce ta farko da na sani. An cire mata ƙarfen shekarar da na fara rarrafe, ta kwanta a bakin ƙofarmu ba ta sake bin garke ba. Ijji, mahaifiyata, ta ce da gashin Guggi na koyi tafiya: in damƙi bayanta, ta tashi a hankali, ta yi taku ɗaya ta jira ni. Rabin gurasar masarata ita ke cinyewa. Wani lokacin sanyi na sauko da safe na tarar da ita a ƙarƙashin matattakala ta sandare, dusar ƙanƙara ta rufe mata jela. Na yi kuka har muryata ta dishe. Da Bapu ya dawo daga Kangra da garke, ya dubi bakin ƙofa, ya dubi Ijji, ya nemi ruwan wanke ƙafa.

Bayan ta sai ɗanta Kalwa. Wannan ba ya wasa da kowa, ni ma da ido kawai muke gaisawa. Ɓarayin tumaki ne suka jefa masa nama mai guba a can ƙasa. Ba wanda ya faɗa mana. Garke ya shigo gari, muka ga ƙarfen a rataye a jikin sirdin doki yana lilo, muka gane. A ranar ne Bapu ya sa hannu a ƙirjin rigarsa ta ulu, inda yake ɗaukar 'yan raguna sababbin haihuwa, ya fito da wani kwikwiyo baƙi mai ɗigo biyu jajaye a saman ido. Ya jefa mini shi a cinya.

"Kada ka sangarta shi," ya ce.

Na sangarta shi. Wuyansa bai isa ƙarfe ba tukuna, don haka ya shekara a gida. A kan ƙafafuna yake kwana. Ya cinye mini takalmin makaranta, aka dake ni, ya zo yana lasar inda aka daka. Ko bayan ya fara bin garke, duk dawowarsu shi ke riga kowa isowa. Ina zaune a aji sai in ji yara na ihu a waje, in leƙa in gan shi a bakin ƙofar makaranta da ƙusoshinsa da warin tumaki, ba wanda ya isa ya shiga ko ya fita sai na fito. Duk hutun rani kuwa tare muke hawa tsaunukan Lahol kiwo. A can sama ba ya kwana kusa da wuta. Yakan zaɓi gefen da duhun daji ya fi kusa da garke, ya kwanta a nan shi kaɗai.

"Tilak, matsa na ce."

Na matsa. Me zan yi?

Bapu ya durƙusa a kan gwiwarsa mai ciwo, ya sa wuƙa ya yanke ƙullin. Ƙarfen ya buɗe da ƙara. A ƙarƙashinsa babu gashi, fata ce fara tas ta zagaye wuyan kamar an ɗaura ƙyalle. Ban taɓa ganin wurin ba. Jabru ya miƙe, ya girgiza kai yadda ya saba, kan ya tafi da sauri fiye da yadda ya zata, har ya yi tangaɗi. Chacha ya fara dariya, sai ya bari.

Aka kira Dabbu, ƙaramin karen da Bapu ya karɓo bara, aka sa masa. Ya yi ta zagaya kansa yana neman cizon ƙusoshin. Jabru ya tsaya yana kallo.

"Ka ɗaure shi 'yan kwanaki," in ji Bapu yana goge wuƙar a wandonsa. "Bayan nan ko korar shi ka yi ba zai tafi ba. Gurasa da madarar akuya. Kada ka ba shi shayi kamar wani surukinka."

Washegari da sassafe suka tashi. Ni ban bi su ba bana, ina jiran sakamakon jarrabawa, kuma an ce za a zo ɗaukar soja a Chamba. Na ɗaure Jabru a ginshiƙin baranda. Ƙararrawar awaki ta yi ta raguwa har ta ɓace a bayan kwana. Bai ja igiyar ba. Ya zauna yana fuskantar hanyar Kugti da garke ya bi, kunnuwansa a tsaye, yana jira a zo a gyara kuskuren da aka yi.

Da rana ta take ya fara kuka.

Ba haushi ba ne. Kuka ne mai tsawo, yana ɗaga hanci sama yana ja, ya sauke, ya sake ɗauka. Na kai masa gurasa a jiƙe da madara, bai duba ba. Na sa man shanu. Na sayo ƙashi a wurin mai nama. Ƙudaje ne suka ci. Ruwa kaɗai yake lasa, shi ma kaɗan. Na zauna kusa da shi, ya jingina da ni kamar da, amma idonsa na kan hanya. In na shafa farin wurin nan na wuyansa sai fatar ta yi rawa.

"Zai gaji," in ji Ijji. "Guggi ma ta yi yini guda tana ƙugi."

Bai gaji ba. Kwana ya bi kwana, muryarsa ta dishe, kukan ya ƙara muni. Haƙarƙarinsa suka fara fitowa.

Tsohuwa Nimmo, maƙwabciyarmu, ta shigo wata safiya da sandarta, ba ta ko zauna ba, ta fuskanci Ijji.

"Sumna, mazanku na kan hanya, kin bar kare yana kuka yana kallon dutse? Kin san abin da yake kira?"

"Kewa ce kawai, Iya," na ce.

"Kai rufe mini baki, ɗan boko. Ina magana da uwarka." Ta juya. "Ke kin fi kowa sani. Shekarar da yayanki ya faɗa ramin ƙanƙara a mashigar dutsen Kugti, me karenku ya kwana yana yi? Ni ina nan, na ji da kunnena. Ɗana ma yana can da garkensa. In ke ba ki son mijinki, ni ina son ɗana."

Ijji ta ci gaba da murza ƙullun masara. Ranar ta kunna fitila a gaban gunkin Shiba tun kafin magariba. Na ji ta tana yi wa karen magana ƙasa-ƙasa, tana roƙonsa ya yi shiru, tana kiransa ɗana.

Washegari na sauka garin Barmor duba sakamako. Na ci, ba da yawa ba. Na sayo alewa a kwali don Ijji, na hau motar yamma na dawo. Tun daga gada na san wani abu ya faru, domin gari ya yi tsit.

Igiyar na nan a jikin ginshiƙi. Ba a tsinke take ba, kwance ta aka yi, an ma naɗe ta da kyau.

Ijji na zaune a matattakala.

"Na ɗauka zai zagaya gida ya kwanta," ta ce. "Na ce ɗaurin ne ke damun sa. Da wannan ƙafar ina zai je? Ko gada ban zaci zai kai ba."

"Tun yaushe?"

"Kana fita."

"Ijji, wuyansa babu komai!"

"Na sani." Ta ɗago. Idanunta sun kumbura. "Ubanka ne a kan hanya, Tilak. Da ƙanensa. Kana so in zauna ina jin wannan kukan har a kawo mini labari?"

Na ajiye kwalin alewar a kan matattakala. Ban faɗa mata na ci ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ba a shiga dajin nan da duhu, don haka na jira asuba. Da na fito na tarar ta riga ni tashi. Ta gasa gurasa masu kauri, ta shafe su da man shanu, ta ƙulle a tsumma.

"In ya ji ƙamshin zai biyo ka," ta ce. "Ka ce masa ni na aiko."

Motar farko ta kai ni inda kwalta ta ƙare. Daga nan sai ƙafa. Hanyar garke ba ta ɓuya, kashin tumaki ne da sawu har bakin kogi. A cikin laka na ga nasa: sawu uku masu zurfi, na huɗun ja ne kawai. Na tambayi mai shayi a bakin hanya.

"Baƙi, mai farin wuya? Ya wuce jiya da rana. Na jefa masa biskit bai tsaya ba. Na ce wannan wane irin kare ne mai girman kai. Naka ne? Me ya sa kuka sake shi tsirara a dajin nan?"

Na ci gaba da bin sawun.

Ina tafiya ina shirya abin da zan faɗa wa Bapu. Na jera maganganun, na gyara su, na zaɓi waɗanda suka fi zafi. Zan ce masa ba kowane kare ne Guggi ba. Zan ce masa da ya bar ƙarfen, ko ya biyo su ba abin da zai same shi. Zan ce masa gwiwarsa ma ta gaji, me za a cire masa? Na maimaita wannan har ya zauna mini a baki. Wani lokaci in tsaya in kira sunan Jabru, kogi ya cinye muryata. Wani lokaci in ga baƙin abu a ƙarƙashin itace, in je in tarar kututture ne. A wani wuri sawun ya tsaya, ciyawa ta kwanta, ya huta a nan. Daga baya alamar jan ƙafa ta zama biyu.

Na kwana a ƙauyen Kugti wurin wani abokin Bapu. Ya ce garkenmu na gaba kaɗan, a filin da ke ƙarƙashin mashiga, suna jiran ƙanƙara ta yi sauƙi. Ya ce bai ga kare ba. Ya ce damisa ta ɗauke musu maraƙi makon jiya, sannan ya dube ni ya canza magana.

Hantsi ya yi lokacin da na fito daga cikin itatuwa na hango su. Tumaki sun bazu a kan gangare suna kiwo kamar kullum. Hayaƙi na tashi daga murhu. Dabbu ya rugo yana haushi, ƙarfen na walƙiya a wuyansa, ya gane ni, ya fara kaɗa jela.

Ba kowa a wurin wuta. Suna can gefe, inda daji ya fi matsowa kusa da garke. Chacha na tsaye. Bapu na durƙushe yana haƙa da ɗan gatari, yana kwashe ƙasa da kwanon cin abincinsa. Kusa da shi bargonsa ne a shimfiɗe, akwai abu a ƙarƙashi. Ƙafa ɗaya ta leƙo. Ta baya ce.

Chacha ya taro ni.

"Malam," ya ce, sai ya fasa. "Tilak. Ba mu san ya zo ba. Na rantse maka. Bai shigo wurinmu ba, bai yi haushi ba. Nan ya zo ya kwanta, inda ya saba. Gari na wayewa muka ji tumaki sun watse. Kafin mu iso da sanduna damisar ta sake shi ta gudu." Ya share hanci da bayan hannu. "Ɗan rago ta zo ɗauka, ta tarar da shi a hanya. Dabbu kuwa yana can jikin wuta yana minshari, da ƙarfensa da komai."

Na ɗaga bargon. Jikin lafiya lau, ko ƙwarzane babu. A kan farar fatar nan kawai, huda huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Idonsa ɗaya a buɗe. Na rufe shi da yatsa, ya sake buɗewa. Ƙafafunsa sun tsattsage, laka ta bushe a tsakanin faratan.

Bapu bai dube ni ba. Ƙasar wurin duk duwatsu ce, gatarin na ta tsalle. Na tsaya a kansa da maganganuna a baki. Na ga bayan wuyansa, yadda ya rame, yadda furfura ta cinye shi. Na ga yana sauya gwiwa yana cije leɓe. Yatsunsa biyu sun fashe suna jini, bai lura ba.

Na durƙusa na karɓi kwanon.

Mun daɗe muna haƙa. Mutanenmu ba sa binne kare, ja ake yi a jefa a kwazazzabo, ungulu su ƙarasa. Guggi ma haka aka yi mata, daga baya na sani. Chacha ya buɗe baki sau ɗaya, ya dubi yayansa, ya tafi ya fara tattaro manyan duwatsun da za a danne ramin.

Dabbu ya zo ya shinshina bargon, ya ja da baya, ya zauna nesa. In ya motsa kai sai ƙusoshin su kama rana.

"Kore shi," in ji Bapu. Ita ce maganarsa ta farko.

Chacha ya jefa masa tsakuwa. Ya tafi wurin tumaki.

Da ramin ya isa, na miƙa hannu zan ɗauka. Bapu ya ture ni a hankali. Ya sa hannuwa biyu a ƙarƙashin bargon, ya tattara ƙarfinsa kamar yadda yake yi in zai ɗora shi a kan doki, ya ɗaga. Karen ya taso masa da sauƙi, har Bapu ya yi baya kaɗan. Ya tsaya a haka, riƙe da shi a ƙirji. Ya ɗan jijjiga hannuwansa, kamar mai auna buhu. Sannan ya zura yatsu ƙarƙashin bargon ya shafa haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya.

Ƙullin Ijji na cikin jakata, man shanu ya ratsa tsumman, ina jin ƙamshinsa. Can sama iska na kwasar ƙanƙara daga kan mashiga. Wata tunkiya ta yi kuka, ɗanta ya amsa.

Sai a lokacin Bapu ya dube ni.

"Ya ci wani abu kafin ya taho?"